Gyaɗar Bakin Shinge: Ki Koya Wa Ƙanenki Abin Da Ake Ci A Jikin Tsiro

 Na san da yawanku kun buɗo nan ne kuna sa ran labarin soyayya, to ku yi mini haƙuri na yau ɗaya, domin abin da zan ba ku a kan idona ya faru, kuma har gobe in na tuna shi sai gabana ya faɗi.

Da kaka ne, an fara cire amfanin gona, muka tafi ƙauyen su mahaifiyarmu bikin 'yar kawunmu. Yayata tana cikin masu girki, don haka tun da safe ta damƙa mini autanta, yaro ɗan shekara 5, ta ce, "Ga amana nan, kada ki bari ya yi nisa." Na ce, "Haba Yaya, sai ka ce yau na fara raino." Ina gama faɗin haka ƙawayen amarya suka ja ni ɗaki, aka zauna ƙunshi, hira ta yi daɗi, daga zancen anko sai zancen samari. Lalle a hannu, lalle a ƙafa, wallahi na manta da wani Auta a duniya.

Wajen azahar sai ga yayarsa da gudu tana cewa, "Anti, Anti, Auta yana amai!" Ko wanke lallen ban yi ba na fito. Na tarar da shi a durƙushe bayan ɗaki, ya riƙe ciki yana kuka, ga amai ga gudawa, kafin ka ce me idanunsa sun faɗa. Nan fa mata suka taru, wannan ta ce a ɗura masa manja, waccan ta ce madara, wata ta ce a sa masa yatsa a maƙogwaro, wata ma cewa ta yi baki ne. Kakarmu ce kawai ba ta ce uffan ba. Ta sa hannu a aljihun rigarsa ta zaro wasu ƙwayoyi baƙaƙe guda huɗu, ta dube su sau ɗaya ta ce, "Bini-da-zugu ne. Ku nemo mota." Da kanta ta je bakin shinge ta karyo reshe mai 'ya'ya ta ƙulle a gefen zanenta, ta ce a nuna wa likita.

Kwana muka yi a asibitin cikin gari ana yi masa ƙarin ruwa. Wata nas ta tambaya, "Wa aka bar wa yaron?" Na sunkuyar da kai ina kallon jan lallen hannuna. Yaya ba ta zage ni ba, ko harara ba ta yi mini ba, kuma wallahi da ta mare ni da ya fi mini sauƙi. Da gari ya waye Auta ya farfaɗo, na matsa kusa da shi na ce, "Auta, me ya sa ka ci abin nan?" Sai ya ce, "Anti, ai gyaɗa ce. A bishiya na tsinko."

Wannan magana ita ta tsaya mini a rai. Yaron nan kullum sai ya ci gyaɗa, soyayya da dafaffiya, ga ƙuli-ƙuli ga kunun gyaɗa, amma bai taɓa sanin daga ina take fitowa ba. A tire yake ganinta a kan 'yar talla. Da akwai wanda ya taɓa gaya masa cewa gyaɗa a cikin ƙasa ake tono ta, da ko kallon shingen nan bai yi ba. Yaran ƙauyen kuwa kullum ta gefen shingen suke wucewa, babu mai taɓa shi, don tun suna goye suka san shi.

JARRABAWAR KAKA

Bayan mun koma gida, Kaka ta shimfiɗa tabarma ta kira ni, ta ce, "Zo nan 'yar boko, mai takardar gama sakandare. Albasa mece ce a jikin tsironta?" Na ce saiwa ce mana. Ta yi dariya har da tafa hannu. "Citta fa?" Na ce saiwa. "Gyaɗa fa?" Na ce ita ma ai a ƙasa take, saiwa ce. Ta ce, "Uku kin faɗi uku. To ke da ba ki sani ba, me za ki koya wa maigidana?"

Kunya ta kama ni, domin na yi darasin aikin gona da na kimiyyar halittu a makaranta, na haddace na zuba a takarda na wuce. Da na dawo birni na ciro tsofaffin littattafaina na duba, sai na tarar duk abin da tsohuwar nan ta faɗa haka yake. Daga nan na ɗauki alkawari duk yaron da ke gidanmu sai ya san abin da yake ci. Ga yadda na bi da su, kuma ko sisi ban kashe ba, da kayan cefanen gida na yi.

GIDAJE SHIDA

Na samo faifai shida na jera a tsakar gida, na ce wa yara kowane tsiro gida shida gare shi, kuma kowane abincinmu daga ɗayan gidajen nan ya fito.

Gida na farko saiwa. Ita ke riƙe tsiro a ƙasa, ita ke tsotso masa ruwa, wani tsiron kuma a nan yake ɓoye abincinsa har saiwar ta yi ƙiba. Karas ke nan, da rogo, da dankalin Hausa.

Na biyu kara. Shi ne hanyar da ruwa ke bi ya hau sama. Rake da takanɗa su ne misalin da yaro ba ya mantawa, don da bakinsa yake tsotse ruwan.

Na uku ganye. Na ce musu nan ne kicin ɗin tsiro, a nan yake dafa abincinsa da hasken rana da ruwa da iska. Wannan faifan shi ya fi cika: zogale, alayyahu, rama, yakuwa, lalo, tafasa, karkashi, latas, kabeji, da kukar miya, wadda yara da yawa ba su san ganyen bishiya ba ne aka shanya aka daka.

Na huɗu fure. Nan suka yi shiru, suka ce ai ba a cin fure. Na ɗauko kanumfari na ce su duba da kyau, za su ga ɗan ƙwallo a samansa. Fure ne da bai kai ga buɗewa ba aka tsinke aka busar. Sannan na ɗauko zoɓo, wanda shi ne jan ƙoƙon da ke riƙe da furen yakuwa. In furen ya kaɗe sai ƙoƙon ya yi kauri, a ɓare a shanya.

Na biyar 'ya'ya. Dokar da na ba su mai sauƙi ce: abin da ya fito daga fure, kuma in an fasa aka ga iri a ciki, to ɗa ne, ko da zaƙi ko babu. Da haka suka gane tumatir da kuɓewa da attaruhu da tattasai da gauta da kabewa gidansu ɗaya da mangwaro da goba da kankana da goruba da magarya.

Na shida iri, wato ƙwaya. Na ce musu kowace ƙwaya jaririn tsiro ne yana barci, an haɗa masa guzurinsa, kuma guzurin nan muke ci mu ƙoshi. Gero, dawa, masara, shinkafa, wake, riɗi, agushi, har da goron da Kaka ke ci.

Daga baya na ƙara musu ɗan ƙaramin gida na bakwai saboda kirfa da muke sa wa shayi, don ita ɓawon bishiya ce aka ɓare ya naɗe da ya bushe.

MASU ƁAD DA KAMA

Inda wasan ya fi daɗi shi ne wajen waɗanda suka kayar da ni a gaban Kaka. Ki sani 'yar uwa, ba duk abin da aka tono a ƙasa ne saiwa ba.

Ki yanka albasa daga sama zuwa ƙasa ki nuna wa yaro. Waɗannan ɓawo-ɓawon da suka rungumi juna gindin ganye ne ya yi kauri, shi ya sa lawashi ke fitowa daga tsakiyarsu. Saiwar gaskiya ita ce ɗan gemun nan na ƙasa da muke yankewa mu yar.

Dankalin Turawa, irin wanda ake kawo mana daga Jos, kara ne da ya kumbura a ƙarƙashin ƙasa. Shaidarsa idanun nan da ke jikinsa, in kika ajiye shi ya kwana biyu ta nan yake toho. Citta ma, wadda aka san ƙasar Kachia a kudancin Kaduna da nomanta, kara ce da ke tafiya a kwance cikin ƙasa, ki duba za ki ga gaɓoɓi a jikinta.

Gyaɗa kuwa ita ce sarauniyarsu. Furenta ɗan rawaya ne, a sama yake fitowa kowa na gani. In ya bushe sai wani ɗan tsinke ya fito daga wurin ya sunkuya ya soki ƙasa, a can ƙarƙashi ƙwanson yake girma. Ke nan gyaɗa iri ce, 'yar uwar wake, sai dai ita a ɓoye take renon 'ya'yanta. Wannan ita ce gyaɗar da aka riƙa tara buhunanta ana yin dala da su a Kano a shekarun 1950 da 1960, amma yau jikokin masu dalar suna neman ta a kan bishiya.

Akwai kuma tsirran da suke ciyar da mu ta ƙofa fiye da ɗaya, kuma yara na son jin labarinsu. Kuka ta ba mu ganye mu yi miya, ta ba mu farin garin cikin 'ya'yanta mu dama da nono. Ɗorawa ta ba mu garinta mai zaƙi, ƙwayarta kuma ita ce kalwa da ake daddawa da ita. Yakuwa ganyenta na miya da fate, ƙoƙon furenta zoɓo, irinta daddawar batso. Giginya a sha 'ya'yanta, in kuma aka binne ƙwallon ya tsiro a tono muruci a dafa.

YADDA ZA KI YI A GIDA

Kada ki ce za ki zaunar da yaro ki yi masa lacca, barci zai yi. Ki bari sai an dawo daga cefane, ki juye kayan a tabarma, ki ce kowa ya ɗauki abu ɗaya ya kai shi gidansa. Wanda ya dace a tafa masa, wanda ya kuskure a ba shi ya fasa ya duba da kansa. Ɗan shekara 3 ko 4 ya ishe shi ya taɓa, ya sansana, ya faɗi suna. Ɗan shekara 6 zuwa sama shi ake tambaya dalili. Amma fa ki lura, ƙananan da ba su kai shekara 3 ba kada ki bar musu gyaɗa ko wake a hannu, yanzu sa tura a hanci ko su shaƙe.

Ki sa su aiki tare da ke. Wanda ya tsige zogale da hannunsa ba sai an gaya masa ganye ne ba, kuma na lura yaron da ya taya gyaran ganye ya fi saurin cin kwaɗon. Auta da ba ya ko kallon alayyahu yanzu shi ke cewa a ƙara masa.

In za a ci abinci ki tambaya, "Gida nawa ne a kwanon nan?" Tuwon masara da miyar kuka kawai za su ba ki iri, da ganye, da 'ya'ya saboda barkono, da kara saboda citta. Nan ne za ki sako musu amfanin kowanne a taƙaice: hatsi da rogo da dankali na ba da ƙarfi, wake da gyaɗa na gina jiki, ganye na taimaka wa jini, karas da kabewa da mangwaro na da abin da jiki ke mayarwa bitamin A, wanda rashinsa ke kawo dundumi. Kwanon da ya tara gidaje da yawa ya fi wanda ke da gida ɗaya.

Sannan ku yi shuka. Ki huda gindin gwangwanin madara, ki cika da ƙasa, yaro ya binne wake uku da hannunsa yana ba shi ruwa. Kafin mako ya zagayo zai tsiro. Ki tumɓuke ɗaya ki wanke, ga saiwa ga kara ga ganye a tafin hannunsa. Mu har gyaɗa muka shuka a tsohon bokiti, ranar da muka tone ta bayan wata huɗu Auta ya yi ta tsalle yana kiran maƙwabta su zo su gani. In kina Kano kuma aka samu babban da zai raka ku, ki kai su kasuwar 'Yankaba su ga kayan lambu da ganyensu da saiwarsu kafin a gyara.

WAƊANDA BA A TAƁAWA

Wannan shi ne ainihin abin da ya sa na ɗauki biro. Sanin abin da ake ci rabin karatu ne, sai an haɗa da sanin wanda ba a ci. Ki nemi wani babba ya nuna miki waɗannan da ido, ke kuma ki nuna wa ƙannenki.

Bini-da-zugu ana shinge da shi saboda dabbobi ba sa cinsa. Ɗansa yawanci ƙwaya uku ne a ciki, baƙaƙe, kuma ɗanɗanonsu ba ɗaci, abin da ke yaudarar yara ke nan. Zurman, wanda wasu ke kira cika-gida, ƙwayarsa mai zane-zane ce kamar wake, gubarta ta fi ta bini-da-zugu. Idon zakara 'yar ƙwaya ce ja wur mai ɗigon baƙi, kyawunta ke sa yara su tara ta, kuma tauna ta na iya kisa. Zaƙami mai farin fure kamar kakaki da ɗa mai ƙaya yana juya hankali. Tumfafiya kuwa farin ruwanta in ya shiga ido yana yi masa illa.

Ko a cikin abincinmu akwai mai sharaɗi. Nijeriya ta fi kowace ƙasa a duniya noman rogo, amma ɗanyen rogo, musamman mai ɗaci, yana da guba da ake kira sayanayid, shi ya sa ake ɓare shi, a jiƙa, a matse, a soya ko a dafa sosai. Dankalin Turawa in ya yi kore ko ya yi toho da yawa a bar shi, ganyensa ma ba a ci. Gwaza ɗanye yana ƙaiƙayin maƙogwaro.

Dokoki uku na sa yaranmu suka haddace. Ta ɗaya, abin da ba ka gani a tukunyar gidanku ba, kada ka kai baki sai ka nuna wa babba. Ta biyu, don ana cin wani sashe na tsiro ba shi ke nuna ana cin sauran ba, muna cin tumatir amma ba ma cin ganyensa. Ta uku, ganin akuya ko tsuntsu na cin abu ba hujja ba ce, cikinsu daban namu daban.

In kuma tsautsayi ya gitta, Allah Ya kiyaye, ki cire abin da ya rage a bakin yaron, kada ki sa masa yatsa don ya yi amai, kada ki ɗura masa manja ko madara, don yana iya shaƙewa abin ya tafi huhu. Kada kuma ki ce bari a ga abin da zai faru. Ki ɗauki reshe ko ƙwayar abin da ya ci, ku nufi asibiti, ki gaya wa likita lokacin da ya ci da yawan da kike zato. Abin da Kaka ta yi ke nan, kuma likitan da kansa ya ce reshen nan ya rage masa aiki.

ƘARSHEN ZANCE

Bari in ba ku dariya kafin in rufe. Wani dare mutumin nawa ya zo zance, muna zaure sai ga Auta ya leƙo. Bayan ya gaishe shi sai ya ce, "Yaya, gyaɗa saiwa ce ko iri?" Bawan Allah, ɗan jami'a guda, ya gyara zaman hula ya ce, "Saiwa ce mana, ba a ƙasa take ba?" Auta ya ruga cikin gida yana ihu, "Saurayin Anti ya faɗi! Saurayin Anti ya faɗi!" Har yau in ya zo sai ya tambaye ni a hankali ko malamin yana nan.

Da muka sake komawa ƙauye da sallah, ina riƙe da hannun Auta gam muka zo wucewa ta bakin shingen nan. Sai ya tsaya, ya jawo hannun wata 'yar baƙuwa da aka zo da ita daga birni, wadda ba ta fi shekara 4 ba, ya nuna mata ya ce, "Kin ga wannan? Ba gyaɗa ba ce. Gyaɗa a ƙasa take. In kika ci sai an yi miki ƙarin ruwa." Kaka na zaune a ƙofar gida tana jinsa, ta dube ni ta ce, "To 'yar boko, yanzu kin ci jarrabawa."

'Yar uwa, yau ƙanenki ake ba ki raino, gobe naki ne a bayanki. Kada ki jira sai kin kwana a bencin asibiti kamar yadda na kwana. Cefanen gobe in ya shigo, ki shimfiɗa tabarma ki kira yaran gidanku, ki fara da albasa guda ɗaya da wuƙa a hannunki. Ina jiran wasiƙunku in ji yadda kuka ƙare da su, da kuma sunayen ganyayen da ake ci a garuruwanku waɗanda ban ambata ba. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, a gaida mutan gida.